Bat Mai Tsada na Yaya

Yayana bai taɓa riƙe bat ɗin ƙwallon tebur ba sai da ya haura shekara sittin, kuma ni ne na saka masa shi a hannu. Bat, ga wanda bai sani ba, shi ne ɗan faifan katakon nan mai mariƙi da ake manna wa roba gaba da baya, wanda ake bugun ƙwallon da shi. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Rano. Shi kuwa alaramma ne a Durba, can cikin Kibiya, yana noma yana karantarwa. Shekara goma sha huɗu ya ba ni. Mahaifinmu ya rasu ina aji biyu na firamare, don haka shi ya riƙe ni, shi ya kai ni boko duk da surutun mutane, shi ya yi mini aure.

A lokacin da nake ba da labari yana rubuta Alƙur'ani da ka, da alƙalamin gamba da tawadar da yake dafawa da kansa. Wannan ne na ukunsa. Biyun farko mutane sun roƙa sun tafi da su, wannan kuwa ya ce na gida ne, ko wa ya aiko ba zai bayar ba. Shekara huɗu yana kansa, takarda bayan takarda, baƙi da hantsi, jan wasali bayan azahar in baƙin ya bushe. Ya kai izu arba'in da ɗaya cikin sittin sai hawan jini ya kayar da shi a gona, ana tsakiyar maimai. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye.

Allah ya taƙaita. Kafin kaka baki ya dawo, ƙafa ta dawo, yana zuwa masallaci da sanda. Hannun ne ya tsaya a rabin hanya. Yana cin tuwo da shi, yana riƙe buta, amma ranar da ya ɗauki alƙalami ya gwada a kan allo, sai haruffan suka fito a karkace kamar na wanda ya fara babbaƙu jiya. Ya daɗe yana kallon allon, ya wanke, ya jingine shi. Takardun Alƙur'anin kuwa ya ɗaure su a gafaka ya rataye a bango, ya ce ba a koyon hannu a kan maganar Allah.

Ni nake kai shi gashin ƙashi a wani asibiti a Kano. Likitar da ke duba shi yarinya ce ƙarama mai saurin magana, kuma Yaya yana jin maganarta fiye da yadda yake jin tawa. Ta sa shi matse ƙwallon roba, ta sa shi tsintar wake ɗaya ɗaya daga faranti zuwa kwano. Wata rana ta ce abin da ya rage shi ne wuyan hannu ya koyi bin ido, ko akwai wani wasa da zai riƙa yi? Na ce a makarantarmu yara suna buga ƙwallon tebur. Ta ce ai shi ne ma ya fi. Yaya ya tambaye ta, to yaushe zai koma alƙalami? Tana rubutu a kati, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, “Baba, ranar da ka mayar da ƙwallo sau goma a jere bai faɗi ba, ka ɗauki alƙalaminka.”

Ina jin kafin mu kai bakin ƙofar asibitin ta manta ta faɗi goma. Da bakwai ne ya zo bakinta, bakwai za ta ce. Amma wanda ya tashi a makarantar allo ya san doka ɗaya, ba a wanke allo sai an biya, kuma malami ne ke faɗin an biya, ba ɗalibi ba. Yaya ya ɗauki goman nan ya ajiye a matsayin sharaɗi. A mota ya sake tambayata, “Auta, goma ta ce ko?” Na ce goma ta ce.

Tebur bai ba ni wahala ba. Na auno na makaranta da igiya, na kai wa wani kafinta a Rano, ya haɗa mini da falanki mai kauri, muka shafa koren fenti, aka ɗora a kan a-kori-kura zuwa Durba. A tsakar gida muka kafa shi, ƙarƙashin rumfar kara, don Yaya ya ce in dai a waje ne inda jama'a za su ga alaramma yana tsalle da faifai, to a bar hannun yadda yake. Bat ne ya rage, shi kuma sai Kano.

Na shiga wani kantin kayan wasanni a Sabon Gari. Mai kantin ya zubo mini iri biyar ko shida a kan kanta. Akwai waɗanda ke cikin leda bibbiyu da ƙwallo uku, akwai waɗanda ke rataye a ƙusa, akwai kuma guda ɗaya da ya ciro daga akwatin gilashi, a cikin jakarsa mai zif. Ya tambaye ni tambayar da ta dace, ba zan ɗora masa laifi ba.

“Malam, wanda za a saya wa, ya iya ne ko yanzu zai koya?”

Raina ya ɓaci. Mutumin da ya haddace izu sittin, ya rubuta su sau biyu da ka, mutumin da alarammomi ke zuwa daga nesa su duƙa a gabansa, shi zan tsaya a gaban baƙo a cikin kasuwa in kira ɗan koyo? Na ce masa, “Kai dai nuna mini wanda ya fi kowanne kyau.” Ya ɗaga kafaɗa ya zuge zif.

Gaskiya bat ɗin ya haɗu. Robar gefe ɗaya ja, ɗaya baƙa, tana sheƙi, in ka ɗora yatsa sai ka ji ta kama shi. A ƙarƙashin robar akwai soso mai kauri, a tsakiyar katakon kuma akwai wasu siraran layuka baƙaƙe guda biyu da mai kantin ya ce su ne sirrin ƙarfinsa. Yana da ɗan nauyi a ka, ni kuwa ɗan manomi ne, a wurinmu nauyi alamar ƙwari ce, ko fartanya za ka saya sai ka jinjina ta. Ya buga ƙwallo a kai sau ɗaya, ya yi sama ya kusa taɓa rufi. Na ce madalla, hannun da ba shi da ƙarfi ai irin wannan yake so, wanda zai yi masa rabin aikin. Na ji daɗin wannan tunani nawa ƙwarai, har na ga amfanin karatun kimiyya. Na saya. Sannan na zaɓar wa kaina ɗaya daga cikin na ƙusa, mara nauyi, robarsa siririya ba ta sheƙi, irin wanda muka riƙa bugawa da shi a kwaleji. Kuɗin na Yaya zai sayi irin nawa goma sha wani abu, kuma hakan ma daɗi ya yi mini, tunda an ce arha ba ta ado.

Washegari na nuna wa malamin wasanni na makarantarmu. Shi ɗan Rurum ne, ya girme ni da shekara biyu ko uku, ya buga ƙwallon tebur sosai a ƙuruciyarsa. Ya juya bat ɗin, ya danna robar da babban yatsa, ya ce na wa ne? Na ce na Yaya ne, na gaya masa dalili. Ya ce, “Ka riga ka saya?” Na ce na saya, yau ma zan kai masa. Ya mayar da shi jaka ya zuge. Ya ce, “Allah ya sa albarka, Allah ya ba Alaramma lafiya.” Na ce amin.

Yaya ya karɓi bat ɗin da hannu biyu, ya yi mini addu'a mai tsawo. Ya kira matarsa ta gani. Ita kuwa, da yake akwai wasa tsakaninmu, ta ce, “Lallai ƙanin miji, yau ka yi abin kai. Ashe ba rowa ce halinka ba, sa'a ce ba mu ci ba.” Ta ga nawa a gefe ta ce wannan kuma marfin tukunyar wa na sato.

Muka fara. Ina zuwa Alhamis bayan na tashi daga makaranta, da Asabar da Lahadi, a kan babur, mu buga daga bayan la'asar har rana ta yi ja. Na koya masa riƙo, kamar zai gaisa da mutum. Na koya masa tsayuwa. Yana naɗe hannun rigarsa, ya cire hula ya ajiye a kan turmi, ya yi bisimilla. Ina ba shi ƙwallo a hankali, a tsakiyar tebur, daidai inda hannunsa yake. Sai ya taɓa shi kawai, ƙwallon ya tashi ya wuce ƙarshen tebur, ya wuce ni, ya faɗa garken awaki. In ya rage ƙarfi ya karkata bat ɗin ƙasa, sai ya shige raga. Wani lokacin kuma, ba tare da wani dalilin da na gani ba, sai ya fice gefe ya nufi madafa. Matar Yaya ta gaji da tsamo ƙwallo daga cikin kwanon wanke-wanke, awaki suka tattake mana guda biyar a wata ɗaya.

Ni kuwa nawa yana sauka. Ban ƙware ba, shekara ashirin da wani abu rabona da tebur, amma duk wanda na taɓa sai ya tsallaka raga ya zauna a gabansa kamar an ajiye. Yaya yana gani. Lissafin kuwa ba mai wuya ba ne, ko wanda bai yi boko ba zai yi shi. Ga bat mai tsada a hannunsa ƙwallo na gudu, ga na banza a hannuna ƙwallo na zama. Me ya rage in ba hannu ba?

Shi yake ƙirgawa, da ƙarfi, da Larabci. Wahid, isnin, sai ƙwallo ya fice. A wata na biyu ya kai uku. Ranakun da ba na nan, matarsa ta gaya mini, yana sa a tura teburin jikin bango ya yi ta bugawa shi kaɗai har gumi ya jiƙa masa riga. Mun koma asibiti sau biyu a tsakanin. Likitar ta matsa yatsunsa ta ce akwai ci gaba, ta tambaya ko muna bugawa, muka ce muna bugawa, ta ce a ci gaba. Ba ta tambayi nawa ya kai ba, shi kuma ba mai kai ƙarar hannunsa ba ne.

Akwai wata Asabar da nake tunawa fiye da sauran. Mun tsaya shan ruwa, na ajiye nawa bat ɗin a gefensa na tebur, nasa kuma yana kan turmi tare da hula. Da muka dawo sai ya miƙa hannu ya ɗauki wanda ya fi kusa da shi, wato nawa. Har ya gyara tsayuwa. Na zagayo da sauri na ɗauko nasa na miƙa masa da hannu biyu, na ce, “A'a Yaya, ga naka, wannan ai tarkace ne.” Ya ba ni nawa ya karɓi nasa. Ban yi tunanin komai ba. Haka nake yi da tsokar nama in muna ci a kwano ɗaya, haka nake yi da inuwa in muna zaune a gona, mai kyau nasa ne, kuma ban taɓa ganin wanda ya yi asara don ya yi haka ba. Wata huɗu muna buga wasan nan, ko sau ɗaya bat ɗinsa bai shiga hannuna da niyyar bugu ba. Kayan babba ne, ana ɗauko masa, ba a gwadawa.

Mafi yawan abin da ya kai shi ne huɗu. Sau biyu ya kai huɗun, a cikin zafin bazara, sannan ya koma biyu da uku. Na ga ya daina cire hula. Daga baya ya daina naɗe hannun riga. Wata Lahadi ya buga sau uku kawai ya ajiye bat ɗin a kan tebur a hankali, ya ce, “Auta, ya isa. Ka yi iyakar yinka, Allah ya saka maka. Hannun nan ya gama aikinsa.”

Na yi masa wa'azin haƙuri, ni da ban haddace ko izu biyar ba. Ya bar ni na gama. Ya ce ba haƙuri ne ya ƙare masa ba, lokaci yake tsoro. Ciwon da ya zo sau ɗaya ya san hanya. Ba ya so ya mutu ya bar Alƙur'ani a izu arba'in da ɗaya rataye a bango, yara su rasa yadda za su yi da shi.

Ya aika Unguwar Gai aka kira wani alaramma, abokinsa tun suna gardawa a gabas. Ina nan ranar da ya zo. Yaya ya sauko da gafakar, ya kwance, ya nuna masa inda ya tsaya. Ya ba shi sauran fararen takardun da ya tanada, ya ba shi alƙaluma huɗu, ya gaya masa yadda yake haɗa tawadarsa don kada launi ya bambanta. Alaramman ya ce, “Gwani, ka ƙara jira mana, ko zuwa kaka.” Yaya ya ce ai ya riga ya jira. Mutumin ya karɓa da hannu biyu, suka yi fatiha, ya ɗaure gafakar a ƙirjinsa cikin riga ya hau babur. Yaya ya raka shi har ƙofar gida, ya dawo ya shige ɗaki. Na ji tausayinsa sosai ranar, tausayi mai tsabta irin na wanda ba shi da hannu a cikin abin da ya faru.

Ruwa ya sauka, kowa ya shiga gona, teburin ya koma wurin shanyar kuɓewa. Bayan kamar sati bakwai na kwaso bat biyun na kai makaranta, na ce gara yara su amfana. Ranar babu darasi a awa ta ƙarshe, malamin wasanni yana tsaye a bakin tebur shi kaɗai, ya ce in zo mu motsa jini. Na zuge jakar. Tunda yanzu ba na Yaya ba ne, na ce bari in ɗanɗana abin da na saya.

Ya ba ni ƙwallo a hankali. Na taɓa, ya wuce tebur ya bugi allon sanarwa. Na ce ban shirya ba. Ya sake ba ni, na rage ƙarfi, ya shige raga. Na uku ya fice gefe ya bi ta taga. Hannuna lafiyarsa ƙalau, ban taɓa ko targaɗe ba. Na yi ta gwadawa kusan minti goma, ban wuce uku ba. Na ajiye shi na ɗauki nawa na da, nan take muka yi ashirin da wani abu ba faɗuwa. Sai na nemi benci na zauna.

Malamin wasanni ya zauna kusa da ni ya yi mini bayanin da bai yi ba wata shida da suka wuce. Ya ce wannan bat ɗin na 'yan gasa ne, waɗanda ke tsayawa nesa da tebur suna dukan ƙwallo da dukkan jikinsu. Baƙaƙen layukan da ke cikin katakon suna sa shi tauri, ƙwallo ba ya zama a kansa ko kaɗan, yana taɓawa yake tashi. Soso mai kauri yana ƙara masa gudu. Robar mai kama yatsa kuwa, duk wani ɗan juyi da ƙwallo ya zo da shi sai ta kama ta harba shi gefe, in ba ka san yadda ake karkata hannu ba. Ga nauyi a ka, wanda ke gajiyar da wuyan hannun mai lafiya ma. Mai koyo, in ji shi, katako zalla yake so, mara nauyi, soso siriri, roba mai laushi da ba ta da kaifi, mariƙin da ya cika tafin hannu ba tare da an matse ba. Bat mai jinkiri, wanda zai bar ƙwallo ya je inda aka tura shi. Ya ɗaga nawa ya ce, “Irin wannan.”

Na tashi tsaye. Ni mutum ne mai saurin fushi, kuma ranar ina neman wanda zan sauke wa. Na ce, “Ka san haka tun ranar da na nuna maka, ka yi shiru?”

Ya ce, “Na sani.”

“To me ya hana ka magana?”

Ya ce, “Malam, ka zo da abu ka riga ka saya, fuskarka cike da murna, ka ce kyauta ce za ka kai wa yayanka da ya riƙe ka, mara lafiya. In ce maka me? In ce ka mayar ka kai masa na arha? Kai da kanka, in wani ya nuna maka ragon da ya saya wa mahaifinsa, kana cewa ga rama a cinya? Na ɗauka za ku yi musanya a tsakaninku ku gane. Kowa yana musanya.”

Na ce mu ba ma yi. Ya dube ni, ya ce, “To.”

Ban jira an tashi ba. Na soke bat ɗina a aljihun riga na hau babur. Hanyar Kibiya ta yi laka, dawa ta kai gwiwa dama da hagu, sau biyu ina sauka ina turawa. A hanya na shirya maganganu iri iri, yadda zan ɗora wa mai kanti laifi, yadda zan ɗora wa malamin wasanni. Da na isa na tarar da Yaya a zaure yana jan carbi da hannun hagu, sai duk suka zube. Na durƙusa na gaya masa yadda abin yake, tun daga tambayar da mai kanti ya yi mini da amsar da na ba shi.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce, “Tashi mu gani.”

Matarsa ta kwashe kuɓewa, muka goge tebur da tsumma. Ruwa ya ɗan kumbura falankin a gefe ɗaya, raga ta saki, muka ɗaure da zare. Na ba shi nawa, ni na ɗauki murfin wani kwano don ba na so in sake ganin ɗayan. Bai cire hula ba. Na ba shi ƙwallo, ya taɓa, ya tsallaka ya sauka a gabana. Na mayar, ya mayar. Karon farko ya yi shida. Na biyu ya yi biyar. Na uku ban san lokacin da muka wuce goma ba, shi ne yake ƙirgawa a hankali, sai da ya kai sha huɗu ni na zubar. Wata biyu rabonsa da bugu.

Ya ajiye bat ɗin ya buɗe tafin hannunsa yana kallo, ya rufe, ya sake buɗewa. Matarsa ta juya ta shige madafa, ba ta yi mini wasa ba. Na ce, “Yaya, bari in je Unguwar Gai yanzu in karɓo takardun. Kafin magariba na dawo.”

Ya ce, “Ya aiko mini shekaranjiya, ya yi izu shida.”

Na ce ai saura sha uku, sai shi Yaya ya ƙarasa da kansa.

Ya ce, “Na kira mutum, na ɗora masa amana a gaban shaida, ya bar gonarsa ga yara ya zauna da alwala yana mini aiki. Yanzu in aika a ce ya kawo, na warke? In ce masa dama aron hannunsa na yi kafin nawa ya dawo? Ba a yin haka, Auta. Wanda aka ba ya ƙarasa, shi zai ƙarasa.”

Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Me ka yi? Da wannan ka kawo mini tun farko ka riƙe mai jakar, da na karɓa na yi godiya, amma da na ce a raina yaron nan ya fara raina ni.” Ya faɗi haka ne don ya sauke mini nauyi, kuma gaskiya ya faɗa, amma ban ji sauƙi ba.

Washegari ya ɗauki alƙalami a kan allo. Sati na farko haruffan suna rawa, na biyu suka fara tsayawa. Kafin a yanke gero yana rubuta wa ɗalibansa da kansa. Bai fara sabon Alƙur'ani ba. Na taɓa kawo maganar, ya ce na farkon ma da ƙuruciya da ido sai da ya haura shekara huɗu kafin ya gama, shi ba ya ɗaukar abin da zai sake bari a hanya.

Alaramman Unguwar Gai ya kawo aikin bayan 'yan watanni. Hannunsa mai kyau ne, sai dai haruffansa sun fi na Yaya ƙiba, ko ni da ba gwani ba ina gane inda aka canja. Da ya ji labarin allon, sai ya bar takardar ƙarshe fara, surori uku na ƙarshe da addu'ar rufewa, ya ce mai abu shi zai rufe abinsa. Yaya ya yi alwala ya zauna da hantsi, muna zaune mu biyu muna kallo, ya rubuta ta a zama ɗaya.

Da tawadar ta bushe, alaramman ya ɗauko takardar farko ta Baƙara ya ajiye kusa da ita. Na duba, na sake dubawa, ina neman rawa ko karkata ko da a harafi ɗaya, don in samu abin da zan riƙe in ce da ma hannun ba zai iya izu sha tara ba. Ban samu ba. Layukan a miƙe suke, hannu ɗaya ne, babu abin da ya ragu. Alaramman ya ce, “Gwani, ai da ka jira.” Yaya ya ce, “Da na jira.” Ya tattara takardun ya daidaita gefensu a kan gwiwarsa, ya ce in miƙo masa gafaka.